Busar Sallama a Ƙofar Gidanmu

Masu karatu, yau sai kun yi haƙuri da ni, don da kaina a sunkuye nake rubuta wannan kashin. Ku da kuka cika min waya da "Yadira, yaya aka ƙare ranar Lahadi? An ba da ke kuwa?", ga amsarku nan tafe. Wadda ta ga dama ta zage ni a ƙasa, ba zan goge ko harafi ɗaya ba, domin na ci zagin.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, ni ce Yadira, autar Don Eusebio Bañuelos da Doña Ofelia, a nan garin Fresnillo. Ina sayar da takalma a wani kanti da ke tsakiyar gari. Tsallaken titi akwai shagon gwajin ido da sayar da tabarau, a cikinsa kuma akwai Ulises, wanda ya yi ta shigowa sayen igiyar takalmi har abokan aikina suka fara tambayarsa ko ƙafa nawa gare shi. Lahadin da ta wuce ita ce ranar da aka sa zai zo da mahaifiyarsa, Doña Graciela, neman aurena a wurin Apá, wato babana.

Kafin in kai ku Lahadin, dole in faɗa muku abin da na ɓoye muku tun farkon labarin nan, kamar yadda na ɓoye wa Ulises. Ni 'yar badujala ce, kuma ba 'yar kallo ba, mai busa.

Apá ya yi aikin haƙar ma'adinai har ƙugunsa ya gaza, amma in kuka tambaye shi sana'arsa, begila zai ce muku. Shi da amininsa Don Nicanor mai ganga, wanda shi ya riƙe ni a coci ranar baftisma, shi ya sa nake ce masa padrino, su suka kafa ƙungiyar Gavilanes tun suna samari, masu ganga da masu begila na unguwarmu. A gidanmu ba a ƙwala wa yaro kira. Akwai busar tashi daga barci, akwai ta cin abinci, akwai ta "wasan ya isa haka, ku shigo". Maƙwabta sun gaji da ƙorafi tun kafin a haife ni, har wasunsu da busar Apá suke ɗora tukunya.

Ina 'yar mitsitsiya ya fara ɗora min begila a baki. Yayyena maza biyu duk sun zame masa, ɗaya ƙwallo ta ɗauke shi, ɗaya ya tsallaka Amurka, sai abin ya faɗo kaina. Kuma Allah Ya sani ba dole aka yi min ba, son abin nake kamar raina. Ina son jajibirin gasa, yadda tsakar gidanmu ke cika maƙil, ana goge tagulla da lemon tsami da gishiri har sai mutum ya ga haƙoransa a jiki, Amá, wato mamata, na zaune a kan bokiti tana naɗa jan zaren ulu a jikin begiloli, tana masifa ga duk wanda ya taɓa mata da hannun maiƙo. Ina son tsohuwar motar safar da muke ɗauka, wadda ba ta hawa tudu sai maza sun sauka sun tura, da kwandon burrito na wake da kan ƙare tun ba mu bar gari ba saboda Don Nicanor aka ba gadi. Ina son shirun nan da ke sauka a fili idan alƙalai suka fito da farar safar hannu suna bin layi, su shafa ganga su duba yatsa, su leƙa har bayan kunnen mutum.

Shekarar da muka je babbar gasa a Puebla ina da sha shida. Ana saura kaɗan mu shiga fili Apá ya ja ni gefe ya ce ni zan riƙe begilar umarni. Wato ni kaɗai a gaba, abin da na busa shi duk ƙungiya za ta yi, in na kuskure kowa ya kuskure. 'Yan wata ƙungiya daga arewa suna ganina suka fashe da dariya: "Gavilanes sun rasa namiji, sun ɗauko 'yar tsana!" Na busa musu ranar har leɓena ya fashe, jini ya ɓata farar safata, ban ma sani ba sai da muka fita fili. Mu muka ɗauko kofin. Apá ya rungume shi a cinya tun daga Puebla har gida, ko fitsari ya ƙi sauka ya yi, wai kada a taɓa masa.

Tsarabar da ta rage min ita ce wani ɗan zobe fari-fari a leɓena na sama, inda bakin begila ya zauna shekara da shekaru. Duk ɗan badujalar da ya gani ya san ni tasu ce.

To me ya faru? Girma ne ya faru. Samarin unguwa suka sa min suna Sajan, in na gifta su ƙame su sara min suna dariya. Ƙawayena na kanti suna hirar gashi da farce, ni ina da ƙwanji a hannu. Wata rana kawai na ajiye begila na sayi jan-baki. Apá ko faɗa bai yi min ba, da ma ya yi da ya fi min sauƙi. Bara kuma likita ya cire masa haƙoran gaba na sama ya sa masa na roba, begila kuwa ba ta yarda da haƙoran aro. Tun daga nan, in Gavilanes sun fita fareti, a gefen layi yake tafiya hannu banza, yana motsa leɓe.

Ranar da Ulises ya fara kai ni cin abinci gidansu, muna tsaka da ci sai yaran wata makaranta suka fara atisayen ganga a bayan layi. Doña Graciela ta ajiye cokali, ta tashi ta rufe taga da ƙarfi.

"Sojojin wasa! Kullum sai sun fasa min kai. Ni ban san irin iyayen da ke sakin 'ya'yansu cikin wannan haukan ba."

Ulises ya yi dariya. Ni ma na yi, alhali a ƙarƙashin tebur ƙafata tana bin kiɗan, har tana gyara musu inda suka kuskure. A hanyar maida ni gida ya shafa leɓena da yatsa ya ce me ya same ni a nan. Na ce faɗuwa na yi daga keke ina yarinya. Ya ce Apá fa, me yake yi tun da ya bar aiki? Na ce tattasai yake shukawa a bayan gida. Daga nan ƙarya ta yi ta haihuwa, kullum a bakin titi nake sa shi ya sauke ni, wai layinmu ba ya shiguwa da mota.

Saura abu ɗaya da sai kun sani. Gavilanes suna da al'adarsu. Idan aka zo neman 'yar ɗayansu, ƙungiya takan zo cikin kaki ta tsaya a ƙofar gidan a ƙame, ba motsi ba magana. Uban yarinya ba ya ba da amsa da baki, da begilarsa yake fitowa. In ya yarda, sai ya busa umarnin diana, busar murna, ganguna su ɓarke, unguwa ta fito rawa. In bai yarda ba, sai ya busa sallama, su juya su tafi shiru. Ita sallamar nan, a wurin neman aure, a labari kawai ake jin ta, ba a taɓa busa wa kowa ita ba.

Ranar Asabar na sa Apá ya hau tsani yana sauke hotunan falo. Hotunan gasa ne duk, tun na baƙi da fari har zuwa nawa na Puebla, kumatuna a kumbure kamar na ƙunshi goro biyu. Ni kuma ina kwashe kofuna ina turawa ƙarƙashin gadonsu.

"Apá, don Allah gobe ban da begila."

"Ban da begila," ya maimaita, bai juyo ba.

"Ban da labarin Puebla kuma. Sannan ka gaya wa padrino kada su zo."

Amá ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. "Mu ma mu ɓuya a banɗaki ne, ranki ya daɗe, ko an yarje mana mu zauna a falo?"

"Amá, ba ki san matar nan ba ne."

"Ita ce ban sani ba? Uwarta gorditas, wainar masara, take toyawa a bakin kasuwa, da gefen zani take share majina. Yau don 'yarta ta sa tabarau mai sarƙa shi ne za mu tuɓe wa bangonmu riga?"

"Ƙyale ta, Ofelia, ranarta ce," in ji Apá. Ya sauko da hoton ƙarshe, ya goge ƙurar da hannun rigarsa, ya kife shi a kan kujera. "Sai dai mija, 'yata, da me zan amsa musu?"

"Da baki mana, Apá, kamar kowane uba."

"Kamar kowane uba." Ya jinjina kai. Ya ciro wayarsa a gabana ya kira Don Nicanor, kuma da yake shi padrino ba ya magana sai ihu, duk gidan muka ji.

"Compadre, aminina, ka sha wani abu ne da ranar nan? Yarinyar da ta yi min fitsari a riga a gaban fada a coci? Mun gama guga fa!"

"Na ce kada ku zo, Nica. Haka take so."

Ya kashe wayar. Ni kuma na tsiri gyaran labulen da ba abin da ya same shi.

Lahadi tun da safe gidan ya ɗauki ƙamshin birria, naman akuya da Amá ta kwana da shi cikin yaji. An cire ledar kujeru, an fito da farantan da ba a taɓa su sai Kirsimeti, ga zoɓo mai sanyi a babban jug. Inda hotuna suka tashi, bango ya yi tabo fari-fari mai kusurwa huɗu. Na rufe ɗaya da kalanda, ɗaya da hoton Budurwa ta Guadalupe, sauran suka fi ƙarfina. Na sa doguwar rigata koriya mai buɗaɗɗen wuya, na sake gashina, na sa 'yan kunnen kakata. Jan-baki kuwa sai da na shafa, na goge, na sake shafawa, har zoben nan ya ɓace.

Wayata ta yi ƙara.

Ulises: *Mama ta sayi furanni har ba na ganin madubin baya.*

Ni: *Ka tuƙa a hankali, ba na son zama bazawara tun ba a ɗaura ba.*

Ulises: *In babanki ya ce a'a fa?*

Ni: *Ba zai ce ba. Mutum ne mai shiru-shiru.*

Kun ji fa, Apá ne mai shiru-shiru. Ina tura saƙon na ɗaga kai na gan shi a bakin ƙofar ɗaki cikin kwat ɗinsa ta zuwa biki, wadda ta yi masa yawa yanzu, yana matsa haƙoransa da babban yatsa don su zauna daidai.

Suka iso bayan an fito daga coci. Doña Graciela ta shigo cikin riga ruwan toka da sarƙar lu'ulu'u, ƙamshin turarenta ya riga ta shiga falo. Ta sumbaci iska a gefen kumatun Amá, ta zauna a bakin kujera, ta ɗaga tabarau tana bin bango da kallo.

"Fenti za ku yi ne, Doña Ofelia?"

"A'a, shara muka yi," Amá ta ce tana kallona.

Aka sha zoɓo, aka yi hirar zafi da tsadar tumatir. Apá ya zauna ɗas, hannuwa a gwiwa, daga "haka ne" sai "gaskiya ne". Sau ɗaya yatsunsa suka fara kiɗa a hannun kujera, na harare shi, ya dunƙule su. Wallahi har daɗi na ji a raina, ina cewa komai na tafiya yadda na tsara.

Can Ulises ya miƙe ya gyara wuyan riga. Duk jawabin da ya haddace ya gudu ya bar shi.

"Don Eusebio... Doña Ofelia... ni dai ba gwanin magana ba ne. Ina son Yadira. Ina roƙon ku ba ni ita, zan riƙe ta da mutunci."

Amá ta fara share ido da gefen atamfar girkinta. Apá ya gyara murya, ya buɗe baki.

Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas-ƙwas-ƙwas.

Ko a kabari nake na san wannan ƙarar, sanda ce ake bugawa a gefen ganga don daidaita taku. Tana matsowa daga kan kwana, takalma na bin ta, har ta zo daidai tagarmu ta tsaya cak.

Na leƙa ta labule. Gavilanes ne, tsofaffin, layi biyu a tsakiyar titi. Shuɗin kakinsu ya koɗe, maɓallan ciki sun ƙi haɗuwa a kan tumbi, amma tagulla sai walƙiya take a rana, jan ulu sabo fil. Don Nicanor na gaba da gangarsa, ya rina gashin baki ya yi baƙi ƙirin. Akwai mai sandar dogarawa da ya maƙale ta a hammata ya ƙame. Maƙwabta har sun fara fitowa, mata da tsintsiya a hannu, matasa sun ɗaga wayoyi.

"Wani ya mutu ne a layin?" in ji Doña Graciela.

Na juya na kalli Ulises. Murmushi yake, bakin nan har kunne. Raina ya ce min shi ke nan, ya fara dariyar da ya yi a gidansu. Na matsa kusa da Apá, murya ƙasa-ƙasa.

"Ka yi min alkawari."

"Kina tsaye na gaya musu, mija."

"To fita ka ce su tafi."

"Ba a yi wa mutumin da ke ƙame magana da baki, ke ma kin sani. Haka za su tsaya har rana ta faɗi, ga Nica da ciwon suga."

Ya miƙe ya shiga ɗaki. Na ji yana jan kofuna a ƙarƙashin gado. Ya fito da begilarsa, wadda rabon da ya sa ta a baki tun kafin a cire haƙoran. Ya tsaya gaban Ulises ya ce, "Ɗana, a gidan nan ga yadda muke amsawa," ya wuce ƙofa. Dole muka bi shi, har da Doña Graciela da jakarta a hammata.

Apá ya tsaya a kan dakali, ya haɗa dugadugai, ya lashi leɓe. Titi ya yi tsit. Ya ɗaga begila ya hura.

Iska ce kawai ta fito.

Ya sake cika ƙirji. Wannan karon wani sauti ya fito kamar kukan ɗan akuya. Wani yaro a cikin 'yan kallo ya ƙyalƙyale, uwarsa ta make shi. Jijiyoyin wuyan Apá suka miƙe, fuskarsa ta yi ja, ya hura na uku da duk ƙarfin da ya rage masa, sai haƙoran suka subuce suka faɗo kan dakali, suka gangara har bakin takalmin Doña Graciela.

"Ayya, bawan Allah," ta ce, ta rufe baki da hannu, kafaɗunta na rawa.

Masu karatu, 'yar kirki da gudu za ta je ta tsugunna ta ɗauke haƙoran ubanta. Ni tsayawa na yi ina addu'ar ƙasa ta tsage. Tsofaffin nan ko ƙifta ido ba su yi ba, gumi na bin wuyansu, suna jira. Apá ya juyo gare ni, bakinsa ya lotsa ciki, ya miƙo min begilar da hannu biyu.

"Mija, busa min amsata."

"Yadira?" Doña Graciela ta sauke hannu daga baki. "Me Yadira ta sani a wannan abin?"

Na karɓa. Zaren ulun ya jiƙe da gumin hannunsa. Da zan iya ce muku ruɗewa na yi na manta ma'anar busa, da na ce, amma na gaji da ƙarya. Na san diana, na san sallama, a cikin barci ma ba zan haɗa su ba. Abin da ke kaina kawai shi ne su ɓace min daga ƙofa, su da kakinsu da tumbinsu, kafin matar nan ta ƙara ganin wani abu. Na ce a raina ai Ulises da uwarsa ba su san bambanci ba, in sun tafi mu koma ciki, Apá ya amsa da baki, a ci birria.

Na ɗora begila a kan zoben nan, ta zauna daram kamar jiya na ajiye ta. Na busa sallama.

Abin da ya fi ci min rai shi ne kyan da ta yi. Ta fita tar, ba gargada, ta daki bangon coci ta dawo. Ko a Puebla ban yi busa mai tsabta irin wannan ba.

"Yesu!" wata maƙwabciya ta yar da tsintsiya. "Sallama ce! An hana shi!"

Don Nicanor ya kalle ni sau ɗaya. Bai yi ihu ba, kuma tun da nake ban taɓa ganin bakinsa a rufe haka ba. Ya ɗaga sanda ya buga gefen ganga, layi biyun suka juya lokaci guda, har mai sandar dogarawa.

Apá ya sunkuya da ƙyar, ya ɗauki haƙoransa daga gaban takalmin baƙuwa, ya hure ƙasar, ya sa a aljihun kwat. Ya miƙe ya gyara kafaɗa. Sai ya sauka daga dakali ya je ya tsaya a gefen layi, wurinsa na ranar fareti, ya ɗauki taku tare da su. Ashe ban yi tunanin wannan ba. Shi ma ɗan Gavilanes ne, duk wanda aka sallama har da shi.

"Chebo!" Amá ta ƙwala wa Apá kira. "Chebo, ina za ka? Ga baƙi a gida!"

Bai waiwayo ba.

"Ashe ke ma cikinsu kike," in ji Doña Graciela, tana kallon bakina. Na shafa, jan-bakin duk ya koma jikin begila.

Ulises ya riƙo gwiwar hannuna. Murmushin ya tafi.

"Me kika busa? Wannan ba diana ba ce. Na san diana."

"Ina ka san ta?"

"Ni na kira su, Yadira."

Na ji kamar an kwara min ruwan sanyi.

"Don Nicanor a wurina yake yin tabarau. Tun kafin Kirsimeti ya nuna min bidiyonki na Puebla a wayarsa, yana nunawa yana kuka, ya hana ni ganin mai layi na gaba. Na kalle shi ya fi a ƙirga. Na yi ta jira ki gaya min da bakinki, kika ce keke. Jiya ya kira ni ya ce an hana su zuwa, na ce su zo, ni na gayyace su. Na zaci kunya ce kawai irin ta 'yan mata, in kika gan su za ki ji daɗi." Ya juya ga Amá. "Doña Ofelia, me ta busa?"

Amá ta ninke hannun atamfarta a hankali.

"An ce maka a'a, ɗana. Duk unguwa ta ji. Kuma ba uban ne ya ce ba."

Ulises ya saki hannuna.

Na tsaya a kan dakali cikin koriyar rigata, mutanen da suka goya ni suna kallona, wayoyi na ɗauka. Kunya ta hana ni ko kuka. Na wulaƙanta mahaifina don in burge mutumin da tun farko saboda mahaifin nawa da begilar yake ƙara sona.

"Tsayuwar me kike yi kamar gunki?" Amá ta daka min tsawa. "Ba ga ta nan a hannunki ba?"

Sun kusa kwanar shagon tortilla. Na sauka tsakiyar titi da takalmi mai tsini, na ɗaga begila na busa taruwa, kiran da ke dawo da kowa layi duk inda yake. Leɓen da ya daɗe bai yi aiki ba ya tsage, na ji gishirin jini a harshena, ban sauke ba.

Suka tsaya cak. Jikinsu ne ya tsaya kafin zuciyarsu ta yi shawara. Don Nicanor ya buga gefen ganga, layi biyun suka juyo suna fuskantata, suka ƙame.

Mutum ɗaya ne bai tsaya ba.

Na sake busawa, da ƙarfi, har muryar begilar ta fashe. Na san ya ji, don na ga kafaɗarsa ta motsa, ƙafarsa ta ɗan yi jinkiri kamar za ta yi masa gardama. Sai ya sa hannu a aljihun kwat, ya sunkuyar da kai, ya sha kwanar shi kaɗai.